Na Ce To, Alhali Ban Ji Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga babanki, Isa mai goro na Zongon Djougou, zuwa ga 'yata da ta ci sunan mahaifiyata, wadda saboda haka bakina bai iya kiranta da komai sai Uwata, a gidan Gwaggo Larai a Parakou. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggonki da mutanen gidan baki ɗaya. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa karatun da ya kai ki jami'a ya zama mai amfani. Innarki tana gaishe ki. Ni ma tana gaishe ni, amma sama-sama, tun ranar da kika tafi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Ni ma na yi mamaki, don da na ɗauki biro sai na tarar babban yatsana ya manta aikinsa, yana ta shafa takardar wai ta matsa sama. Dalilin rubutun shi ne, yau kwana goma sha biyu da tafiyarki, kuma duk sanda na kira ki, "Lafiya lau, Baba" kike cewa, sai ki yi shiru har in gaji in kashe. Na tambayi Gwaggonki ko ba ki jin daɗi ne, ta ce kina cin sakwara har da ƙari, kina dariya da kowa har da mai kawo ruwa. A nan na gane shirun nawa ne ni kaɗai.

Na kuma san inda ya samo asali. Mako biyu kafin tafiyarki, da la'asar, kin zo kin durƙusa a gefen tabarmata ƙarƙashin mangwaro, kin yi magana mai tsawo, ni kuma na ce, "To, to, Allah ya yarda," idona a kan waya. Uwata, ko kalma ɗaya ban ji ba. Na yi miki alkawari ban san na mene ne ba, na kuma saɓa shi ban san na saɓa ba. Innarki ta ƙi gaya mini abin da kika ce sai shekaranjiya. Zan zo kan wannan, amma kin san halina, ko kasuwa za ni sai na zaga ta bayan masallaci. Bari in fara gaya miki yadda wayar nan ta yi da babanki, don ki san abin da ke cikin jakarki.

Kin tuna yadda nake faɗa da samarin kasuwa. Za ka ga su biyar a kan benci ɗaya gaban mai shayi, kowa ya sunkuyar da kai, shayi ya huce, ƙuda yana wanka a ciki. In ka yi musu sallama sai ɗaya ya ɗaga hannu a madadin sauran. Ni na sa musu suna masu ruku'u ba alwala, sunan ya bi gari, na yi ta jin daɗi. Akwai ranar da wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya ɗauko ni a babur ɗinsa, ya cusa waya cikin hular kwano yana hira da wata, har muka wuce ƙofar gidanmu ina dukan bayansa. Da ya tsaya sai ya ce ai ya ɗauka kiɗa nake bi. A wannan zafin ne na dawo gida na karɓe wayarki, shekarar da za ki zauna jarrabawar bak ta kammala sakandare. Na ce abin nan ba zai koma hannunki ba sai kin gama, na kuma sa ki cire makullin, don in binciki mai hure miki kunne.

Kwana biyu tana aljihuna ban taɓa ta ba. Rana ta uku kasuwa ta yi sanyi, wayar ta motsa a aljihu, na ce yauwa, yau zan kama ɗan banzan. Ban tarar da saurayi ba. Bidiyon wani rago mai ƙaho na tarar, an sa masa tabarau, yana zaune a bayan babur kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na yi dariya, na shafa sama don in rufe, sai ga wani mutum yana soya ƙwai a kan shebur. Na sake shafawa. Da na ɗago kaina, an yi azahar an watse, maƙwabcina mai dabino yana tambayata ko yau na yi sallata a gida ne. Kin ci jarrabawarki da kyau a shekarar, kowa yana yaba mini dabara. Ba wanda ya san cewa ranar da na mayar miki da wayarki, tuni na sayi tawa wadda ta fi ta faɗi.

Saboda haka abu na farko, kada ki yarda da kanki. Ni da furfurata, da aikin Hajjina, kwana uku ta yi ta kayar da ni. In kina aji ko kin buɗe littafi, kada ki kife ta a kan tebur ki ce ai ba ki kallonta. Na gwada wannan. Ko a kife take tana kira. Ki kashe ta, ki tura ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin duk wani tarkace, yadda kafin ki tono ta kunya za ta kama ki.

Sai maganar goro. A cikinsa kika girma, kin san ba ya son a manta da shi. Duk 'yan kwanaki sai an kwance huhu, an zauna da faifai, an bi shi ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda sankara ta kama kafin ya shafa wa sauran, a canja ganyen da ya bushe, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Kakanki da hanci yake gane huhun da ya fara ɓaci tun daga bakin rumfa. Shekara talatin ina wannan aikin ba wanda ya taɓa dawo mini da goro. Amma lokacin da na gano ana nuna kokawar Nijar a waya, sai na koma buɗe bakin huhu kawai, in leƙa na sama, in ga suna sheƙi, in rufe in ce sai gobe.

Ana haka Malam Yusufa tela ya tashi aurar da ɗansa, ya ce in ware masa marsa, manyan nan na fita kunya. Na ɗebo masa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da 'yan kokawa. Ranar ɗaurin aure ina sahun gaba, na sha babbar riga, ana raba goro ina gyara zama don kowa ya san na wa ne. Liman ya ɗauki ɗaya ya ɓare, sai tsutsa ta ɗago kai tana duba jama'a. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce a hankali, "Alhaji Isa, wannan baƙon na ɓangaren ango ne ko na amarya?" Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi saboda girman wurin, amma na ga kafaɗu suna rawa har sahu na huɗu. Da na koma rumfa na kwance huhun har ƙasa, rabinsa ya tafi.

Karatunki ma haka zai yi miki in kika riƙa leƙa samansa. Za ki ga kamar kin gane, don kin ga hoton allo da wata ta turo miki, sai ranar jarrabawa a ɓare a gaban mutane. Ki zauna da littafi da hannu biyu. Haka ƙawaye. Wadda kike so, ki taka ki je inda take ki ga idonta. Mutum yana iya turo miki fuska mai dariya kullum alhali kwana biyu bai sa komai a cikinsa ba.

Wannan fuskar mai dariya ita ta ja mini abin da har in mutu ba za a daina faɗa a Djougou ba. Kin ji labarin a bakin mutane, na sani, amma ba ki ji shi daga mai shi ba. Alhaji Mamman na Onklou, abokina mai sayen doya, ɗansa ya sa hotonsa a waya, tsoho yana kwance a ƙasa ido rufe, a ƙarƙashin hoton kuma an jera 'yan ƙwallayen nan masu fuska, hawaye na zuba musu ta gefe biyu. Akwai saƙon murya tare da hoton, abin da kuke ce wa vokal, amma na ga tsawonsa minti huɗu ne, ni kuma ina sauri in riga kowa. A ganina, dattijo a kwance, ga hawaye, me ya rage a saurara? Na danna na yi salati, na sanar da rasuwar Alhaji Mamman a gurup ɗin 'yan goro, da muryar kuka, har na ƙara da cewa jana'iza bayan la'asar, don na ga haka ya fi dacewa.

Kafin azahar an cika taksi biyu. Na ɗauki ƙwaryar goron sadaka, na hau bayan babur, muka nufi Onklou. Wasu daga Bariénou sun riga mu isa. Matan gidan da suka ga ayarin mutane suna shigowa suna share ido, sai suka fasa kuka su ma, ba su tsaya tambayar wanda ya mutu ba. Muka kutsa zaure, sai ga mamaci a zaune a kan buzu, ya naɗe hannun riga, yana gaban malmalar sakwara da miyar kuɓewa. Ashe santsi ne ya kwashe shi a gonar doya yana korar akuya, ɗan ya ɗauki hoto, hawayen kuma na dariya ne. Duk wannan yana cikin minti huɗun da na ƙi saurara.

Alhaji bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya gama cin sakwararsa tsaf, ya wanke hannu, ya sa aka shimfiɗa tabarmi. Ya ce, "Tunda kun riga kun zo, ku zauna ku yi addu'ar, kowa ya faɗi alherina in ji da kunnena. Isa, kai ka fara, kai ka kashe ni." Haka na zauna ina yabon mutum yana gyara mini inda na rage. Goron sadakar ma shi ya karɓa ya raba. Har yau in na ɗaga waya a majalisa sai tsofaffi su kare fuska da hannun riga, wai kada in ɗauke su a sanar.

Abin da bai ba ni dariya ba shi ne, Alhaji Mamman yana da 'ya da ke aure a Cotonou. Saƙona ya isa gare ta kafin gyaran ya isa, ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar kasuwa, tana da tsohon ciki. Allah ya kiyaye, amma da wani abu ya same ta, ni ne. Don haka, Uwata, duk abin da aka turo miki, ki saurare shi har ƙarshe. In labarin mutum ne, mutuwarsa ko abin kunyarsa, ki bar shi ya tsaya a wurinki. Ba a ba da lada don an riga kowa turawa. A makaranta za ki ga ana yawo da hoton wata yarinya ana dariya. Ki tuna tana da uba wanda ke zaune a wata rumfa kamar tawa.

Wani ɗan ƙaramin abu kuma. Na taɓa ɗaukar hoton kaina na tura wa Gwaggonki, ban san wayar tana gyara fuska da kanta ba. Ta goge mini tamoji, ta haska ni, ta rage mini hanci. Gwaggonki ta kira tana tambaya ɗan wa ne wannan, ko yana da mata. Kwana biyu ina duba madubi ina jin haushin fuskar da na yi shekara hamsin da 'yan kai ina zaune lafiya da ita. In haka ta yi wa tsoho mai goro, ina tausayin 'yan mata irinku da ke kallon waɗannan fuskokin safe da yamma. Duk wadda kika gani a can tana sheƙi, ki sani ita ma in ta tashi daga barci sai ta nemi ruwa ta wanke kwantsa. Fuskarki ta mahaifiyata ce, ba ta bukatar gyaran kowa.

To, na gama zagaye, na iso.

Shekaranjiya Innarki tana tsince shinkafa, na zauna kusa da ita na ce ba zan tashi ba sai ta gaya mini. Ta ce in ajiye wayar tukuna. Na ajiye a cinyata. Ta ce ba nan ba. Na kai ɗaki na dawo. Sannan ta tuna mini labarin da ni da bakina na sha ba ki tun kina ƙarama: cewa a gidanmu, tun kakanni masu safarar goro, duk wanda zai yi tafiyarsa ta farko, ubansa ne ke kai shi da kansa, ya kama hannunsa ya sa a hannun mai masauki, ya ce ga amana. Na sha gaya miki yadda kakanki ya kai ni Parakou a bayan babbar mota, muna zaune a kan huhunan goro, da yadda bai saki hannuna ba sai da mai masauki ya riƙe.

Ta ce, "Abin da ta roƙe ka ke nan. Ta ce ta san ba a saba yi wa mata ba, amma ita ce ta farko da za ta fita daga gidan nan neman ilimi, tana so kai ka kai ta. Ka ce to. Kujera biyu ta kama a gaban mota."

Na tambaye ta don me ba ta tuna mini ba. Ta ce ke kika hana, kin ce in na ji, zan tuna da kaina. Ta ce ita kuma ta yi abin da za ta iya: ta wanke shuɗiyar rigata, ta kai aka buga, ta shimfiɗa mini a kan gado tun daren jajibirin tafiyarki. Na ga rigar, Uwata. Na ce a raina matar nan ta fara shirin Juma'a da wuri.

Yanzu duk safiyar nan ta dawo mini. Kin fito da jaka kin tsaya a ƙofa. Na sa miki albarka, na ce ki kira ni in kin sauka. Kin koma ciki wai kin manta carbi, kin fito kin tsaya. Kin sake komawa wai kin manta sabulu. Ni kuwa ina tsaye da rigar kasuwa, ina duba waya ko rezo, wato sabis, ya dawo. Innarki ta ce a tasha direba ya jira har fasinjoji suka fara gunaguni, sannan kika ɗora jakarki a kujerar kika ce a tafi.

Na ji kunya a gaban liman, na ji kunya a zauren Alhaji Mamman, amma waɗannan kunyar da ake ba da labarinta ne a yi dariya. Wannan ban iya ba wa kowa labarinta ba. Na yi kuka a rumfa, mai dabino ya tambaye ni, na ce hayaƙin masu tsire ne. Gaskiyar magana, ke ce 'yar fari, kuma na daɗe ina ɓuya a bayan kunyar 'yar fari, ba na zama da ke, ba na kallonki ido da ido, ina cewa al'ada ce. Da waya ta zo sai na sami wurin ɓuya da ya fi wancan daɗi. Na yi shekaru ina tsoron kada abin nan ya raba ki da mu, ashe ta wajena zai ɓullo.

Don haka ga nasihar da ta fi duk sauran, kuma ba ni da bakin yin ta sai don na ɗanɗana. Ba zan ce ki yar da waya ba, da ita za ki yi karatu, da ita za mu ji muryarki. Amma duk sanda mutum ya zo ya zauna kusa da ke ya fara magana, babba ne ko yaro, ki ajiye ta inda hannunki ba ya kaiwa, ki dube shi. In ba ki ji ba, ki ce ba ki ji ba, a maimaita. Kada ki taɓa ce wa kowa to alhali ba ki san abin da kika amsa ba. Gwaggonki ta tsufa, labarinta ɗaya take maimaitawa sau uku, ki saurare shi duk sau ukun.

Kwana biyu na yi ina rubuta takardar nan a rumfa, don na san in na tsaya a gabanki bakina zai mutu, in ɓige da tambayarki ya karatu. Ban ba direba ita ba. Wayata tana Djougou, Innarki ta sa ta a cikin langa ta rufe, ta ce in na dawo za a duba halina. Saboda haka kada ki kira, ba mai ɗauka. Na sa shuɗiyar rigar. Zan miƙa wa Gwaggonki takardar ta kai miki ɗaki, ni kuma in zauna a kan dakalin ƙofar gida. Na taho da goro ɗan kaɗan na mai masauki, da hannuna na tsince shi ɗaya bayan ɗaya.

In kin yafe mini, ki ɗauko jakarki ki fito, mu sake shigowa tare, in sa hannunki a hannun Gwaggonki kamar yadda ya kamata a yi tun farko. Bayan nan ki zauna ki faɗa mini duk abin da kika faɗa ƙarƙashin mangwaro, daga farkonsa, don Innarki ta ce maganar ta fi haka tsawo. In kuma ba ki shirya ba, ba komai, dakalin yana da inuwa, kuma ba ni da abin dubawa sai ƙofar.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin abin da ke cikin aljihu. Ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama nagari, ya dawo mana da ke lafiya, ya sa ki fi babanki jin magana. Amin.

Ni ne babanki,
Isa mai goro, a ƙofar gida.